Gurasar Yaya Murod

Ranar da Yaya Murod zai tafi Rasha aikin gini, Oyi, wato mahaifiyarmu, ta aike ni wajen Usta Hoshim mai tanderu na karɓo gurasa da zafinta. Ta riƙe masa da hannu biyu a bakin ƙofa, ya gatsa sau ɗaya, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ta zura zare a tsakiyarta, shi da kansa ya taka kujera ya rataye ta a ƙusa a bangon ɗakinsa. Duk wanda ya tashi a garinmu Margilan ya san abin da ake nufi da haka. Rabon mutum yana nan a gida yana jiransa, ba zai ƙare a wata ƙasa ba sai ya dawo ya cinye abin da ya fara. Kuma ba a sauke ta, ba a sauya mata ƙusa, sai mai ita ya zo.

Lokacin da abin nan ya faru, shekara huɗu ke nan da tafiyarsa. Da farko yana kiran waya duk Juma'a daga garin Surgut, inda yake aiki. Daga baya ya koma sau ɗaya a wata, yana ta maganar takardu. Sai kuma shiru, wata bakwai cur, lambarsa a kashe. Oyi ba ta kuka a gaban mutane. Abin da take yi shi ne, duk Alhamis ta shiga ɗakin da farin ƙyalle, ta goge ƙurar gurasar a hankali, ta tsaya tana kallonta, ta fito ta ce, "Tana nan." Da wannan take iya cin abinci har wata Alhamis ɗin. Likita ya ce jininta yana hawa, kada a tayar mata da hankali. Ni dai na san ba ƙwayoyinsa ne ke riƙe da ita ba.

Ni na kawo Turawan gidanmu, ba zan ɗora wa kowa ba. Na bar makaranta a aji tara. Na yi wata uku a marinar siliki, hannuwana suka koma shuɗi, na gudu. Na wanke motoci na gaji. Na zauna a shagon gyaran waya muka yi faɗa da mai shagon. Abu ɗaya da ya zauna a kaina shi ne gurgun Turancin da na tsinta a bakin masu yawon buɗe ido a kasuwa. A nan na haɗu da Henk, wani dogo mai jan wuya ɗan ƙasar Holan, wanda aka kawo ya koya wa wani kamfani noman tumatir a cikin rumfar gilashi. Ya ce shi da matarsa Saskia ba sa son gidan bene, suna so su zauna cikin mutane su ga rayuwa ta gaskiya. Na ce ai mu rayuwa ta gaskiya ta yi mana yawa a gida, har da ɗaki biyu da babu kowa a ciki.

Oyi ta yarda da sharaɗi ɗaya. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin Yaya Murod ta nuna bango.

"Behruz, ka gaya musu wannan ta ɗana ce. Yana tafiya. Kada wanda ya taɓa ta ko da ɗan yatsa har ya dawo. Ka faɗa musu yadda na faɗa."

Saskia ta ɗaga kai tana kallon gurasar, ta ɗan yamutsa hanci, tana murmushin nan nasu na haƙora zalla. Gurasar ta yi duhu, ta tsattsage, ga gurbin haƙora a gefe. Kunya ta rufe ni. Na ji kamar in na faɗi gaskiya za su rubuta wa danginsu cewa sun sauka gidan ƙauyawa masu tsaron busasshiyar gurasa. Sai na ce, "Ta ce wannan ado ne na gargajiya. Tana so a bar shi a wurin."

"Kai, abin sha'awa," in ji Saskia.

"Me ta ce?" in ji Oyi.

"Ta ce ta ji, ta kuma gane."

Ba su gaya mini suna da kare ba sai ranar da suka tare. Bruno sunansa, ƙato, ja, dalala na zuba daga bakinsa kamar famfon da ya lalace. Mu ma akwai karnuka a unguwa, amma kowanne ya san wurinsa, can ƙarshen gida da sarƙa a wuya. Wannan a gadonsu yake kwana. Na taɓa wucewa ta taga da safe na ga kansa a kan matashin Henk. 'Yarsu Femke, mai shekara biyu, takan lashi askirim, ta miƙa masa ya lasa, ta mayar bakinta. Ranar da na fara gani sai da na zaga bayan rumfar inabi na yi ta tofar da yawu. Uwar tana zaune tana ɗaukarsu hoto.

Sai da muka yi sati muna nuna musu inda ake cire takalmi. Henk yakan face hanci a gaban abinci da ƙara kamar ƙahon babbar mota, ya duba abin da ya fito, ya ninke ƙyallen ya mayar aljihu, ya kai hannun nan kan gurasa. In ya gutsura sai ya ajiye ta a kife. Oyi ta miƙa hannu ta juya ta, can an jima ya sake kife ta. Ranar da suka gayyace ta shan shayi, Saskia ta cika mata kofi taf har yana zuba, abin da ba a yi wa baƙo sai in ana so ya sha ya ba da wuri. Oyi ta sha ta tashi. Saskia ta yi ta bina tana tambaya ko shayin ne bai yi daɗi ba.

Su ma ba daɗinmu suke ji ba, na sani. Kitsen wutsiyar ragon da Oyi ke ɗora wa Henk a kan shinkafa don girmamawa, na sha ganinsa yana fakar ido yana jefa wa Bruno. Matan unguwa sukan faɗo gidan kai tsaye, su sunkuci Femke, su sumbace ta a kumatu, su tura mata alewa a baki. Suna fita Saskia za ta ɗauko wani ruwa a kwalba ta hau goge yarinyar kamar an tsamo ta daga kwata. Yarinyar da ke musayar yawu da kare.

Sau ɗaya ta tambaye ni me ya sa mahaifiyata ke shigowa duk mako tana goge adon bango. Na ce tsafta ce da ita.

Wata biyar muka yi a haka. Sai yayata Nigora ta haihu a garin Kokand. Oyi ta tafi ranar Lahadi, ta ce in Allah ya yarda Alhamis da hantsi tana gida. Ban tambaye ta me ya sa Alhamis ba.

Litinin da la'asar na dawo daga yawona. Tun daga ƙofa nake jin dariyar Henk da ihun Femke. Na shigo na tarar da shi a tsakar gida da gajeren wando, ya wulla wani abu mai faɗi sama yana juyi a iska, Bruno ya daka tsalle ya cafe. Ya kawo masa, ya karɓa, ya goge dalalar a cinyarsa, ya sake wullawa. A wullawa ta biyu ne na ga zare yana lilo a jikin abin.

Ban san lokacin da na faɗa kan karen ba. Ni da ko rigata ba na bari ta goge shi, sai ga ni a ƙasa na shaƙe wuyansa, hannuna a cikin bakinsa har wuyan hannu. Ɗumi, santsi, ga wari kamar na kwatar mahauta. Shi a zatonsa wasa ne, ina ja yana ja, yana kaɗa wutsiya. Da ƙyar na ƙwace. Abin da ya zo hannuna ya ɗan fi rabi, jiƙe sharkaf, duk hudojin haƙora. Gefen da Yaya Murod ya gatsa babu shi.

"Behruz, lafiya?" in ji Henk. "Ba ya cizo, wasa yake."

"Ina ka samo wannan?"

"A kwandon shara. Bruno ne ya tono ta. Ka ga ƙarfinta kuwa? Ta fi faifan robar wasansa da muka baro a gida."

Saskia ta fito daga ɗaki da safar roba har gwiwar hannu. "Ni na cire," ta ce. "Ƙwari ne a ciki, Behruz, ƙanana baƙaƙe, suna faɗowa kan gadon Femke. Yau biyu na tsinta a gashinta. Zan saya wa mahaifiyarka wani adon, irin farantin nan mai zane, wanda ba ya ruɓewa."

"Gurasa kika sa a shara?"

"Ai a leda na sa."

Na je na ɗaga murfin kwandon da ƙafa. Kunzugun Femke ne a sama, an naɗe shi da abin da ke ciki, ga ɓawon ƙwai, ga dunƙulen gashin kare da aka sharo, ga yagaggiyar ledar. Mu da ko ɗan gutsure ne ya faɗi ƙasa sai an ɗauka an sumbata an kai goshi, an nema masa wuri mai tsayi.

Na yi musu ihu da harshenmu. Na zagi karen, na zagi uwar karen, na zagi ƙasar da ta haifi mutanen da ba su san gurasa ba. Femke ta fashe da kuka. Da na gaji sai na koma Turanci, shi kuma duk ya watse a bakina.

"Ba ado ba ne. Wana ne ya gatsa. Yana Rasha. Wata bakwai babu waya. In gurasa tana nan, yana nan, zai dawo. Mahaifiyata, da ita take rayuwa. In babu..."

Saskia ta zare safar a hankali. "Amma kai ka ce mana ado ne."

"Na ce."

"Me ya sa?"

Henk ya sosa jan wuyansa ya ce, "To, amma ai ka san busasshiyar gurasa ba ta da wata alaƙa da ko mutum yana..." Matar ta jefa masa kalma ɗaya da yarensu, ya yi gum.

"Zan gaya mata da kaina," in ji Saskia, idonta ya kawo ruwa. "Zan ba ta haƙuri."

"Da wane baki? Ni ne bakinki a gidan nan. Kuma in kika gaya mata, ke za ki ɗauke ta zuwa asibiti."

"Mu a gidanmu ba ma ƙarya."

"A gidanku kare yana kwana a gado. Ki bar ni da tawa ƙazantar."

Na ɗora ragowar a kan katanga na tafi famfo. Na wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, na ƙara da sabulu, na ƙara da toka, warin yana nan a ƙarƙashin farcena. Da na dawo babu komai a kan katangar. Na ɗauka karen ne ya ƙarasa aikinsa, ban tambayi kowa ba.

Talata da sassafe na tafi wajen Usta Hoshim. Na same shi rabinsa a cikin tanderu yana liƙa gurasa, ƙafafu da ƙugu kawai ake gani. Ya fito fuska jawur, gira a ƙone.

"A'a, Behruz! Manajan Turawa da kansa. Yau ba ofis?"

"Usta, gurasa ɗaya nake so, amma irin ta shekara huɗu da suka wuce."

"Ta jiya ma ta ƙare, ka zo neman ta shekara huɗu? Je ka gidan tarihi."

Na ja shi gefe, nesa da layin matan da ke jira, na gaya masa komai. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Kare?"

"Kare."

"A baki?"

"A baki, Usta. Ana wulla masa yana cafewa."

"Astagafirullah." Ya hau goge hannuwansa a riga kamar shi ya taɓa. "Kai kuma ka ce musu ado ne. Ubanka, Allah ya jiƙansa, da yana raye da ya yi ado da kunnenka a ƙusar nan. Wato mu ne abin kunya, su masu kwana da kare su ne wayayyu?"

"Usta, Alhamis za ta dawo."

Ya shiga ciki ya yi ta bincike a wani akwati, ya fito da tsohon tambarinsa na ƙusoshi, wanda yake danna tsakiyar gurasa da shi kafin ya sayi sabo. "Ba don kai zan yi ba, ɗan banza," ya ce. "Don mahaifiyarka Mavluda zan yi. Matar nan in ta faɗi ba ta tashi."

Ya murza ƙullu, ya danna tambarin, ya bar ta a tanderu har ta ɗan yi duhu. Ya ciro ya miƙo mini. "Gatsa tun tana da laushi. In ta bushe sai dai guduma."

"Usta, ko kai za ka..."

Ya yaƙe mini baki, haƙoran zinariya jere sama da ƙasa. "Da waɗannan? Wanka ƙarfe ne a bakinsa? Gatsa, mutane na jira."

Na gatsa. Gurasa ce mai kyau, mai zafi, da riɗi a kai, amma ina taunawa warin jiya ya taso mini daga hannuna. Gurasa kuma ba a tofar da ita. Na runtse ido na haɗiye.

Kwana ɗaya da yini ta yi a saman tanderun Usta har ta zama kamar katako. Laraba da yamma na ɗauko ta a cikin riga. Na zauna a ɗakina na shafa mata baƙin shayi, na kwaso ƙurar saman kabad na barbaɗa, na ɗauki allurar Oyi na yi ta huda ƙananan ramuka inda ƙwari za su ci. Tsohon zaren na tsinto shi a ƙarƙashin inabi, ya yi tauri da busasshen yawu. Na wanke shi da ruwan zafi ina kau da kai, na zura. Na shiga ɗakin na taka kujera na rataye.

Henk ya tsaya ya riƙe ƙugu yana dubawa. "Kai, Behruz, ba bambanci! Kai gwani ne." Ya daka mini hannu a baya, hannun nan dai. Da zagina ya yi da ya fi mini. Saskia ba ta ko ɗaga kai ba.

Alhamis Henk ya fita aiki tun kafin lokacinsa. Na ɗaure Bruno da igiyar shanya a gindin bishiya, na share tsakar gida sau biyu, abin da ban taɓa yi ba. Da hantsi Oyi ta shigo da jakarta da ƙullin kayan suna. Ta ce jaririn namiji ne, mai kama da kakansa, Nigora tana gaishe ni. Ko mayafi ba ta cire ba ta wanke hannu ta ɗauko farin ƙyallenta. Na bi ta a baya. Saskia tana tsaye a bakin ƙofa da Femke a hannu, fuskarta ta yi fari fat kamar an shafa gari.

Oyi ta miƙa hannu ta goge sau ɗaya. Ta tsaya. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa bango. Ina jin kukan kurciya a kan rufi, ina jin karen yana jan igiya.

"Behruz."

"Na'am, Oyi."

"Buɗe bakinka."

"Oyi, me..."

"Buɗe."

Na buɗe kamar rago a kasuwa. Ta duba, ta mayar da ido kan bango.

"Murod wushirya gare shi," ta ce. "Shekara huɗu ina kallon ɗan tsinin da wushiryarsa ta bari a tsakiyar gatsar nan. Wannan haƙora ne a matse, ɗaya a karkace. Ni na kai ka wajen mai haƙori ranar da ka faɗo daga keke ya karkace. Ina take?"

"Ƙwari ne suka..."

"Ina take?"

Saskia ba ta jin harshenmu sai gaisuwa da sunan kayan miya, amma ta gane. Ta sauke Femke, ta je ta buɗe firji, ta ɗauko wani ɗan akwatin roba. Ashe ita ta ɗauke ragowar daga kan katanga. Ta naɗe ta a farin adiko ta adana. Ta miƙa wa Oyi da hannu biyu, ta fara magana tana haɗiyar kuka.

"Me take cewa?" in ji Oyi. "Ka faɗa mini yadda ta faɗa. In ka rage kalma ɗaya zan gani a fuskarka."

Na matsa bayanta don in tare ta in ta faɗi, na fara fassara. Ƙwarin, da gashin yarinyar, da ledar, da kwandon shara. Karen. Wullawar. Kowace kalma sai na ji kamar ina sake zura hannu a bakin nan.

"Ta ce ba ta sani ba. Ta ce an gaya mata ado ne."

"Wa ya gaya mata?"

"Ni."

Ba ta faɗi ba. Ta zauna a bakin gadonsu, gadon da da ko kusa da shi ba ta zuwa saboda karen. Ta buɗe adikon. Ga hudojin haƙora, ga jan gashi guda biyu a manne. Ta ɗaga ta kai bakinta ta sumbata, ta kai goshi. Ta sake. Ta sake. Na juya fuskata bango. Saskia ta toshe baki da hannu.

"Matar nan ba ta da laifi," in ji Oyi. "Ƙwaro ta gani a kan 'yarta. Karen ma ba shi da laifi, kare ne. Kai ne ka ji kunyarmu."

"Oyi, wallahi na so in..."

"Yi mini shiru. Rabon Murod da ke gidan nan an cinye shi. Yanzu babu abin da zai jawo shi." Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙusar. "Amma ga wata a rataye. Wa ya gatsa?"

"Ni."

"Wa ya rataye?"

"Ni."

"To ai ka yi sallama da gida ke nan. Gurasa ba ta hawa ƙusa mai ita yana kwance a ƙarƙashin inabi yana latsa waya. Za ka tafi Surgut. Ka bi wurin gini ɗaya bayan ɗaya, ka bi masallatai, ka bi asibitoci, har ka ga wanka da idonka. Tunda bakinka ya iya harsuna, ka yi tambaya da shi. Ku dawo ku biyu ku raba wannan."

Shekara biyu ina roƙonta ta bar ni in fita kamar sauran samarin unguwa, tana cewa ɗa ɗaya a waje ya ishe ta. Ga shi ta ce in tafi, ni kuma babu abin da nake ji sai ɗacin baki.

"Ka gaya wa matar nan ta janye gadon yarinyar daga bangon nan," ta ce. "Wannan ma za ta yi ƙwari. Kuma ka gaya mata ta ɗana ce, na biyun. Yana tafiya."

Na gaya mata, kalma bayan kalma. Saskia ta dube ni, ta dubi gurasar, ta gyaɗa kai. Ita kaɗai ta kama ɗan gadon ta ja shi ƙiiii har ɗaya ɓangaren, ba ta bari na sa hannu ba.

Oyi ta tashi da akwatin a hannu ta fita tsakar gida. Ta ce in kawo mata tsohon kwanon da muke zuba wa kaji ruwa, da butar ruwan ɗumi. Ta tsuguna ta kakkarya ragowar gurasar a ciki, tana yi da ƙyar don ta yi tauri, ta zuba ruwa, ta jira ta jiƙa.

"Kwance shi," ta ce.

"Oyi! Karen?"

"Mutum ba zai ci ba, shara kuma ba za ta koma ba. Shi ya fara, ya ƙarasa."

Na kwance igiyar da 'yan yatsu biyu. Bruno ya taho a guje ya zura kai cikin kwanon. Calaɓ, calaɓ, ruwan yana fantsama, dalala tana bin haɓarsa, yana ture kwanon da hanci yana binsa har jikin katanga. Femke tana tafi. Na so in bar wurin, amma Oyi tana tsaye ƙyam, hannu a bisa ƙirji, tana kallo, ba ta ƙifta ido ba har ya lashe kwanon tas.

Sannan ta juya ta nufi famfo. Ta ce in jefar da kwanon, in canza riga, in je a ɗauke ni hoton fasfo kafin mai shagon ya tafi sallar azahar.